Marasa Wurin Kwana: Bukatar Namiji Dabam, ta Mace Dabam

Kun sha ji a majami'a cewa mai bi ba ya wuce mabukaci ya kau da kai. Wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ba a cika faɗa muku ba, shi ne, mutum ya kan ba da sadaka da zuciya ɗaya, sadakar kuwa ta kasa kaiwa ga wanda ya fi bukatarta. Ni kaina na yi wannan kuskure, da shi kuma zan fara, domin kada ku ce malami yana faɗa wa mutane abin da bai taɓa shi ba.

Wata shekara da hunturu ya yi tsanani, ikilisiyarmu ta tara 'yan kuɗi aka sayi barguna da tabarmi, aka ɗora mini rabonsu. Na ɗauki samari biyu, bayan lisha muka tashi daga Minanata, muka bi ta bakin kasuwa da tashar mota da rumfunan masu shayi. Duk inda muka haska tocila sai mu ga mutum a dunƙule, ya rufe kai da riga ko da buhu. Kafin dare ya raba barguna sun ƙare. Ran Lahadi na ba dattawa labari, har na ƙara da cewa mun gode Allah, ba mu ga mace ko ɗaya tana kwana a waje ba.

Akwai wata tsohuwa cikin Zumuntar Mata wadda dukanmu mu ke ce wa Inna. Ta bari har aka tashi, sa'an nan ta kira ni gefe ta ce, "Malam, ka tafi neman kaji da dare a tsakiyar fili, ka komo ka ce garin ba kaji." Washegari da la'asar ta sa ni gaba har wani kango da aka fara ginawa aka bari, babu ƙyaure, an toshe tagogi da buhuna. Ta ce in tsaya daga waje, ita ta shiga. Ina tsaye ina jin tarin yara da muryoyin mata. Da ta fito ta gaya mini cikinsu akwai wadda ta haihu kwana huɗu da suka wuce, bisa siminti. Kangon nan kuwa mun wuce ta gabansa daren nan da barguna a kanmu.

Ku bari in nuna muku dalilin wannan, gama ba tsautsayi ba ne. Tun zamanin kakanni ƙasar Hausa ta tanadar wa baƙo wurin kwana. Wanda dare ya yi masa a gari ya kan yi sallama a ƙofar mai unguwa ko ta wani mai hali, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a fito masa da tuwo. In bai sami zaure ba, ga harabar masallaci, ga rumfar kasuwa, ga tasha. Al'ada ce mai kyau, mai bi kuwa ya kamata ya girmama ta, ya riƙe ta. Amma ku lura, wuraren nan duka na maza ne. Mace ba ta kwana a zaure, gama hanyar kowa ce. In ta shimfiɗa zane a tasha, kafin gari ya waye an laƙaba mata sunan da ba ya wankuwa, in ma abin da ya fi wannan muni bai same ta ba. Domin haka namiji in ya rasa gida sai ya fito fili, mace kuwa in ta rasa gida sai ta ɓuya. Wanda ya ke rabon sadaka bisa ga abin da idonsa ya gani, maza kaɗai za ya yi ta ba.

Hanyar da su ke rasa gidan ma ba ɗaya ba ce. Namiji ya kan rasa ɗaki sa'ad da aiki ya tsaya, ko kuɗin haya ya gagara, ko ya zo cin rani bai sami abin komawa ba, kunya kuma ta hana shi shiga ƙauye hannu wofi. Mace kuwa sau da yawa ɗakin da ta ke ciki dama ba nata ba ne: na ubanta ne, ko na mijinta, ko na ɗanta. Kalma guda daga bakin miji ta isa ta fitar da ita da ƙullin kaya a ka. Mutuwar miji ta kan fitar da ita, in 'yan'uwansa suka sa ido ga gidan. Rashin haihuwa ya kan fitar da ita, haka nan ciwon yoyon fitsari da ta samu garin haifa wa mijin ɗa. Madogararta gidan uba ne. To, in uban ya rasu, magada sun raba gida, ko kuwa garin duka ya tashi, ina za ta nufa? Da yawa cikin irin waɗannan suna ƙarƙashin rufi, amma ba su da gida. Wata tana kwana a madafar wani dangi na nesa, tana biyan kwanan da surfe da wanke-wanke. Wata tana zaune da mutumin da ya ke dukanta kowace rana, domin ta auna dukan da titi, ta ga dukan ya fi sauƙi.

Garuruwa kuwa sun tashi, ku kanku shaidu ne. A watan Satumba na 2010 ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, daga Goronyo har ya iso Sakkwato. Bayansa sai ga masifar 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 suka faɗa wa Tabanni cikin ƙasar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi. A watan Mayu na 2020 aka kashe fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, a watan Oktoba na 2021 kuma fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Waɗansu mutanen gabas suka ƙetare iyaka zuwa Gidan Rumji cikin jihar Maraɗi, waɗansu suka gangaro birnin nan, suka zauna a Ramin Kura da cikin kangaye. In ka shiga wurin 'yan gudun hijira, mata da yara za ka fi gani, gama mazan waɗansu an kashe su, waɗansu an kama su, waɗansu sun koma su saci noma a gonakinsu, waɗansu kuma sun bazu neman abin da za su aiko.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba. A Littafin Farawa, sura 21, an ba mu labarin Hajaratu, wadda aka sallama daga gidan Ibrahim da gurasa da salkar ruwa da ɗanta Isma'ilu. Ta yi ta yawo a jejin Biyer-sheba har ruwan ya ƙare, ta ajiye yaron ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma nesa domin kada ta ga mutuwarsa. Ba wanda ya gan ta, gama ba a bakin kasuwa ta ke ba. Allah ne ya ji kukan yaron, ya buɗe idanunta ta ga rijiya. Mai bin Allahn nan ba za ya ce, ban gani ba, ya wanke hannu. Wajibi ne a kansa ya tambaya ina su ke.

Yanzu fa, me mace marar gida ta ke bukata? Na tambayi Inna haka, ina tsammani za ta ce abinci. Sai ta ce, "Ƙyaure mai sakata." Na daɗe ina juya maganar nan. Namiji da ya ke kwana a rumfa yana tsoron sanyi da sauro da ɓarawo. Mace tana tsoron waɗannan duka, tana kuma tsoron takun ƙafa. A kangon nan, in ji Inna, matan su kan yi barci bi da bi, ɗaya tana zaune a bakin ƙofa, ɗiyansu 'yan mata kuma a can ƙurya. Mutumin da bai yi barci ba ba ya iya aiki, ba ya iya reno, hankalinsa ma ba ya zama wuri ɗaya. Ƙyauren kwano da ƙusa da sakata ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba, ga shi kuwa sun fi shi daɗewa.

Ku yi mini gafara, 'yan'uwa, zan faɗi abin da kunya ta kan hana mu faɗa, domin kunyarmu ba ta rufe kowa. Namiji in bukata ta kama shi sai ya juya bayan gini. Mace kuwa in ba makewayi sai ta daure tun safe har duhu ya yi, ta rage cin abinci da shan ruwa saboda haka, a garin da zafin bazara ya kan wuce awo 40. Duhun da ta ke jira domin ya rufe ta, shi ne kuma ya ke rufe mugu. Ga al'adar wata, wadda ba ta tsaya domin an ƙone gari ba: tana bukatar ruwa da sabulu da tsumma mai tsabta ko audugar mata, da wurin shanya inda ido ba ya kaiwa. Ga ciki da haihuwa. Ku da kuka tashi cikin gidajen Hausa kun san yadda a ke yi wa mai jego, da ruwan zafi safe da maraice, da kunun kanwa, da tsohuwa mai kula da ita har kwana arba'in. Ku kwatanta wannan da wadda ta haihu bisa siminti, ba itacen dafa ruwa, ba uwa kusa. Mu maza ba mu taɓa sa abu ɗaya cikin waɗannan a lissafin sadakarmu ba, domin ba mu taɓa bukatarsa ba.

Ku tuna kuma, da wuya a iske mace marar gida ita kaɗai. Akwai na goye, akwai na hannu. Wanda ya ce mata, zo ki yi mini aikatau in ba ki ɗaki, amma ki nemi inda za ki kai yaran, bai ba ta kome ba.

Akwai zunubi guda da zan ambata a fili. Mutum ya ga mace cikin yunwa, ya miƙa mata abinci da hannu ɗaya, da ɗaya hannun kuma ya nemi mutuncinta. Ana yin wannan a ƙofar shaguna, ana yinsa wurin rabon taimako, kuma kada ku zaci sunan Kirista yana tsare mutum daga gare shi. Ku dubi Bo'aza cikin Littafin Rut. Sa'ad da gwauruwar nan baƙuwa, mutuniyar Mowab, ta shiga gonarsa kala, bai tsaya ga barinta ta tsinci hatsi ba. Ya kwaɓi barorinsa maza kada su taɓa ta, ya sa ta cikin 'yan matan aikinsa, ya nuna mata inda za ta sha ruwa. Ya san hatsi kaɗai ba ya isar macen da ba ta da mai tsaya mata. In kuwa kuka iske wadda aka riga aka yi wa fyaɗe, kada ku tsaya tambayarta me ya kai ta can, kada kuma ku bar maganar ta zaga unguwa. Mace ta raka ta asibiti da sauri, gama maganin da ya ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin kwana 3. A shekarar 2020 an buɗe Cibiyar Nana Khadija cikin Asibitin Ƙwararru na Sakkwato domin irin wannan, a 2021 kuma jihar ta kafa dokar hana cin zarafin mutane. Mai yoyon fitsari kuwa a kai ta Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Ciwo ne da a ke ɗinkewa, ba la'ana ba ne.

Kada wani ya ji wannan ya ce, ashe namiji ba shi da damuwa. Yana da ita, irin tasa. Ba mai jin tausayin ƙato. In ya miƙa hannu sai a ce masa ya je ya nemi aiki, aikin kuwa ba a ba wanda ba a san asalinsa ba. Cikin misalin da Ubangiji ya bayar a Matiyu sura 20, mai gonar inabi ya iske waɗansu maza tsaye a kasuwa har rana ta kusa faɗuwa. Da ya tambaye su dalili, ashe ba ƙyuya ba ce, ba wanda ya ɗauke su ne. Mutumin da ya ke da rumbu da shanu da iyali jiya, yau yana kwana a tasha, abin da ya ke cinsa ya fi yunwa, gama ya ga ya kasa tsare matarsa da 'ya'yansa. Ba ya kuka a gaban mutane, ba ya faɗa wa kowa. Waɗansu su kan nemi mantuwa cikin ƙwaya da sholisho, waɗansu hankalinsu ya kan taɓu. Irin wannan ba a ɗaure shi da mari, a kai shi asibitin masu taɓin hankali da ke Kware. Ga kuma zargi: baƙon namiji daga gabas, in abu ya ɓace a unguwa shi a ke fara kamawa, wani har a ce ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, alhali daga hannunsu ya tsere.

Abin da ya ke bukata shi ne kayan aiki da mai tsaya masa. Kurar ruwa da jarkoki, ko baro, ko akwatin gyaran takalma, da zauren da za ya ajiye su da dare kada a sace. Da mutum ɗaya mai mutunci da za ya je wurin mai gini ko sarkin kasuwa ya ce, na san shi, ina lamuninsa. Wannan ya fi ba da naira ɗari wuya, gama sunanka ka ke jinginarwa. Kada kuma ka ba shi taimako a gaban matarsa da 'ya'yansa yadda za ya ji ƙasa ta tsage ya shige.

Na yara maza sananne ne, ba sai na daɗe a kai ba. Kuna ganin almajirai da robobinsu. Iyayensu sun aiko su neman karatu ne, kada bakin mai bi ya yi musu ba'a, ko ga malamansu. A watan Afrilu na 2012 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar kwana ta almajirai a Gagi, a nan Sakkwato, a 2020 kuma lokacin annobar korona gwamnonin Arewa suka yi ta mai da yaran jihohinsu cikin manyan motoci, ba da daɗewa ba tituna suka sake cika. Yaron yana bukatar abinci, da sabulu, da maganin ƙazuwa, da babba guda da ya san sunansa. Ƙanuwarsa kuwa ba a ganinta da roba. Tana ɗauke da farantin talla, ko tana aikatau a bayan katangar wani gida inda ba mai tambayar yadda ta kwana.

To, yaya ikilisiya za ta yi? Wannan ba sabon abu ba ne a gare ta. A Ayyukan Manzanni sura 6, tun ikilisiya tana jaririya a Urushalima, aka yi gunaguni domin ana tsallake waɗansu gwauraye mata wurin rabon abinci na kowace rana. Ba wanda ya yi nufin mugunta, masu rabon ne ba su san su ba. Manzanni ba su yi musu ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai, Istifanas cikinsu, domin aikin. Mu ma sai mu sa waɗanda za su iya kaiwa inda matan su ke, watau mata. Mutanen Sakkwato sun riga mu sanin wannan hikima. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauye, ba maza ta aika ba, jajis ta naɗa, dattijai mata, su ne suka shiga gidajen. Saboda haka namiji mai bi kada ya shiga wurin kwanan mata, kada ya kai wa mace taimako shi kaɗai ko da dare. Ya tafi da matarsa, ko ya ba Zumuntar Mata su kai. Sa'ad da a ke shirin sayen kayan sadaka kuma, a zaunar da mata cikin shawara kafin a kashe kuɗin.

Kada kuma ku mai da taimako tarko. Yawancin waɗanda za ku taimaka ba addininku ɗaya ba. Kada ku ce wa mayunwaci ya zo majami'a tukuna a ba shi. Gwauruwar da ta ke takaba, wata huɗu da kwana goma, a kai mata abincinta inda ta ke, a bar ta ta cika kwanakinta. In sun tambaye ku dalilin alherinku, ku faɗa da tawali'u. In ba su tambaya ba, hatsin ya isa.

Na sani waɗansunku wannan magana ba labari ba ce a gare ku, gama an taɓa ce muku ku bar gida saboda hanyar da kuka zaɓa. Ko a nan bambancin yana nan. Saurayi ya kan koma wani gari ya kama aiki. Mace kuwa ta kan rasa ɗaki da miji da 'ya'ya rana ɗaya, ba ta kuwa da inda za ta kwana sai in wani gida ya buɗe mata. Ku masu aure, ku yi shawara da matanku tun ba a ƙwanƙwasa muku ƙofa ba. Kuma kai ɗan'uwa, kafin ka fita neman marasa gida, duba cikin gidanka kada kai ne mai ƙara yawansu. Kada ka kori matarka domin fushi ko domin ciwo ko domin ba ta haihu ba. In ɗan'uwanka ya rasu, kada ka ƙirga ɗakunansa matarsa tana cikin makoki. Ubangijinmu yana bisa gicciye, cikin azaba, ya dubi uwarsa ya danƙa ta ga almajirin da ya ke ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa tun daga ranar.

Hunturun da ya biyo baya muka sake tara kuɗi. Wannan karo Inna da mata biyu suka zauna tare da dattawa. Muka sayi barguna rabin na bara, da sauran kuɗin aka sayi sabulu da bokitai da atamfa da itace, aka nemi izinin mai kangon, kafinta ya kafa ƙyaure, samari suka haƙa masai a baya suka kewaye shi da zana. Mijin ɗaya cikin matan ya komo daga inda ya tafi, wani dattijonmu ya tsaya masa ya sami kurar ruwa. Wadda ta haihu bisa siminti ba mu same ta ba. An ce ta tashi tun da damina, da jaririn, ba wanda ya san inda ta nufa.